Maigida na son fasa PlayStation ɗin ɗanmu saboda harbe-harben makarantu

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni 'yar Kano ce, muna zaune a Houston da maigidana da yara uku. Babban ɗanmu shekararsa 14. Makon jiya an kulle makarantarsu wajen awa biyu, aka kashe fitilu yara suka laɓe a azuzuwa, saboda wani ya rubuta a intanet cewa zai zo ya yi harbi. Alhamdu lillahi ba abin da ya faru, amma tun ranar hankalin gidanmu a tashe yake. Yaron nan ba shi da aiki sai Call of Duty, kunne a toshe yana ta ihu da mutanen da ban sani ba. Babansa ya ce irin waɗannan wasannin ne ke mayar da yaran Amurka makasa, sai ya fasa PlayStation ɗin. Surukata kuma kullum sai ta turo saƙon murya daga gida cewa a dawo mata da shi Kano kafin ya lalace. Ni abin da na lura, wata biyu ke nan ya rage magana, makinsa ya sauka, da safe sai an yi fama da shi kafin ya tafi makaranta. Maigida ya sayi ƙaramar bindiga bara bayan an fasa mana mota, tana saman wadirof, yaran ba su sani ba. Don Allah ku gaya min gaskiya, wasan nan zai iya sa ɗana ya zama irin waɗancan? Mu fasa ko mu bari?

Maman yara, Houston

Amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya tsare mana zuri'a. Kada ku fasa. Kuma cikin duk abin da kika rubuto, wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne wanda kika faɗa a ƙarshe kamar wucewa: bindiga a saman wadirof, a gidan da yaro ɗan shekara 14 ya yi wata biyu yana janye jiki. Wannan aikin daren yau ne. Maganar wasa za ta iya jiran ƙarshen mako.

Ki cire zancen "yaran ba su sani ba" daga lissafi. A wani bincike da aka buga a 2006, an tambayi iyaye masu bindiga a jihar Alabama, sannan aka tambayi 'ya'yansu daban. Cikin iyayen da suka ce yaransu ba su san maɓoyar bindigar ba, kusan huɗu cikin goma yaran sun ƙaryata su. Yaro mai tsayin ɗanki ya san abin da ke saman kowane wadirof a gidan. Abin da za a yi: a zare gidan harsashin, a ja saman bindigar baya a duba da ido cewa babu ko ɗaya da ya rage a ciki, domin nan ake yawan yin kuskure, mutum ya zare gidan harsashi ya ɗauka ta zama fanko alhali akwai ɗaya a maƙale. A sa ta cikin akwatin ƙarfe mai lambar sirri, harsasai kuma a kulle su a wani wurin daban. Lambar kada ta zama ranar haihuwar kowa, kuma kada ta zama wadda kuke buɗe waya da ita, yara sun haddace wannan tuntuni. Idan ba a samu akwatin ba yau, ofisoshin 'yan sanda da yawa a Amurka na raba kwaɗon bindiga mai igiyar ƙarfe kyauta, wanda ake zurawa ta ramin gidan harsashi ya fito ta sama. Makullin ya zauna a aljihun maigida, ba a durowar gefen gado ba. Mafi kwanciyar hankali ma shi ne bindigar ta bar gidan gaba ɗaya har sai an gano abin da ke damun yaron. Wasu shagunan bindiga da wuraren koyon harbi na karɓar ajiya da ɗan kuɗi.

Idan maigida ya ga kamar an zafafa, ki sanar da shi cewa a Texas laifi ne mutum ya yi sakaci har yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai ga bindiga mai harsashi a ciki. Ki kuma ba shi labarin garin Oxford na jihar Michigan. A ƙarshen Nuwamba 2021 wani uba ya sayi bindiga, ɗansa mai shekara 15 ya ɗauke ta a matsayin kyautarsa. Bayan kwana huɗu malama ta ga takardar lissafin yaron, ya zana bindiga da mutum cikin jini, ya rubuta cewa tunane-tunanen sun ƙi tsayawa, a taimake shi. Da aka tambaye shi, ya ce zanen wani wasan bidiyo ne yake tsarawa. Aka kira iyayen, aka ce su nema masa mai duba lafiyar tunani cikin awa 48. Ba su tafi da shi gida ba, ba su ambaci bindigar ba, ba wanda ya buɗe jakarsa. Ranar ya kashe ɗalibai huɗu. A 2024 kotu ta ɗaure uwar da uban shekara 10 zuwa 15 kowannensu. Ba wai muna cewa ɗanki irinsa ba ne. Hukumar tsaro ta Secret Service ta bi diddigin hare-hare 41 da aka kai makarantu tsakanin 2008 da 2017, ta gano cewa cikin yaran da suka yi amfani da bindiga, kashi 76 cikin ɗari daga gidan iyayensu ko na wani ɗan'uwa na kusa suka ɗauko ta.

Akwai kuma haɗarin da ya fi harbin makaranta kusanci da gidanku, ko da yake ba daɗin faɗi. Mutum fiye da 48,000 ne bindiga ta kashe a Amurka a 2021, kuma fiye da rabinsu kansu suka harbe. Yaron da ƙunci ya rufe, idan ya yi yunƙuri da bindiga, kusan tara cikin goma ba a ceto su. Saboda shi kansa za a kulle ta, kafin a yi zancen kowa.

Yanzu ga tambayarki. Ra'ayin maigida ba shi ya fara shi ba, ya girmi ɗanku nesa. Tun 1993 Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama kan wasan faɗa na Mortal Kombat, wanda ya kai ga kafa hukumar ESRB a 1994, mai liƙa wa kowane wasa tambarin shekaru. Bayan harin makarantar Columbine a Afrilu 1999, inda aka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya, aka gano maharan biyu na buga Doom, sai aka ɗora laifin a kansa. Iyalan mamata suka kai kamfanonin wasanni ƙara, kotu ta kori ƙarar a 2002. Daga nan abin ya zama al'ada. A 2007, gawawwakin mutum 32 na jami'ar Virginia Tech ba su gama sanyi ba masu sharhi a talabijin suka fara kiran sunan wasan harbi na Counter-Strike. Da kwamitin da gwamna ya kafa ya fitar da rahotonsa, sai ga shi wasan da aka san maharin da shi yana yaro Sonic ne, na wata 'yar dabba mai gudu tana tattara zobba. Mako ɗaya bayan kashe yara 20 da manya shida a firamaren Sandy Hook a Disamba 2012, babban jami'in ƙungiyar masu bindiga ta NRA na lokacin, Wayne LaPierre, ya fito ya lissafa sunayen wasanni. Rahoton mai gabatar da ƙara ya tabbatar akwai wasannin harbi a gidan maharin, amma wanda aka shaide shi da ɓata awoyi a kai na rawa ne, Dance Dance Revolution. Bindigogin kuwa na mahaifiyarsa ne. A 2019, bayan wani ya kashe mutum 23 a kantin Walmart na El Paso, nan Texas ɗinku, Shugaba Trump ya ambaci wasannin bidiyo, kantin ya sauke tallan wasannin harbi daga bango, ya ci gaba da sayar da bindigogi. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba a rasa gaskiya kwata-kwata a ɓangaren maigida ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, ta ce a 2015 akwai alaƙa tsakanin wasannin tashin hankali da ƙaruwar zafin kai. Amma sai a duba yadda ake auna wannan zafin kan a ɗakin gwaji: a sa ɗalibi ya buga wasa na minti kaɗan, sannan a ga yawan yajin da zai zuba wa wani a abinci, ko ƙarfin ƙarar da zai sakar masa a kunne. Tsakanin wannan da ɗaukar bindiga a shiga aji akwai tafiya mai nisa, kuma ita ƙungiyar da kanta ta sake fitowa a 2020 ta ce babu isasshiyar hujja da ke nuna wasannin na haifar da aikata ta'asa. Kotun Ƙolin Amurka ta duba irin waɗannan binciken a 2011, ta soke dokar California da ta hana sayar wa yara wasannin, da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu. Masu bincike a jami'ar Oxford ta Ingila sun yi nazarin yara kusan dubu 'yan shekara 14 da 15, suka tambayi iyayensu game da halinsu, a 2019 suka ce ba su ga wata alaƙa ba. Tun kafin wannan, rahoton Secret Service na 2002 kan hare-hare 37 ya nuna kashi 12 cikin ɗari ne kacal na maharan ke da sha'awar wasannin harbi. Sannan ga Japan da Koriya ta Kudu, inda samari ke kwana kan gem kamar na Amurka ko fiye. A Japan akwai shekarun da waɗanda aka harbe har lahira a duk ƙasar ba su kai goma ba.

Gardamar dai ba ta mutu ba. Iyalan yaran da aka kashe a firamaren garin Uvalde na Texas sun maka kamfanin da ke yin Call of Duty da Meta mai Instagram da masu ƙera bindigar a kotu a 2024, suna cewa tare suka tallata wa matashi makamin. Ko a wannan ƙarar, bindigar da ya saya da cikarsa 18 ita ce a tsakiyar zance. Miliyoyin samari ne ke buga wasan da ɗanki ke bugawa. Sanin cewa yaro na bugawa ba ya gaya miki komai a kan ko zai cutar da wani.

Abin da ke gaya miki wani abu shi ne wata biyun nan. Shiru, faɗuwar maki, da ƙin tafiya makaranta, ukun a tare, galibi ɗaya daga cikin abu uku ne: ana cin zalinsa, ƙunci ya kama shi, ko barci ne ba ya samu. Na ukun ya fi sauƙin ganowa. Ɗan shekararsa na buƙatar awa 8 zuwa 10. Idan PlayStation ɗin a ɗakinsa yake, ki lura ki ga ƙarfe nawa yake sauka. Na farko da na biyu sai da magana, kuma ba irin ta falo ba, uba na tsaye uwa na zaune yaro na kallon ƙasa. Nan ba abin da za ku ji sai "ba komai". Ki ɗauke shi a mota ku biyu, kamar za ku sayo wani abu. Yara maza sun fi sakin baki idan ba a kallon idonsu. Ki fara da ranar da aka kulle makarantar: a ina ya ɓuya, wa ke kusa da shi, me ya zo masa a rai. Daga nan ki tambayi da wa yake cin abincin rana. Wannan tambayar ta fi "ana takura maka?" fito da gaskiya, domin yaron da ake tsangwama zai musa tsangwamar amma zai ce shi kaɗai yake ci. Yaro baƙar fata, Musulmi, mai sunan da malamai ke tuntuɓe a kai, yana da ƙofofin tsokana da yawa.

Idan amsoshin sun yi nauyi, ki yi tambayar da bakin uwa ke ƙi: "Ka taɓa jin gara ka mutu? Ka taɓa tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta dasa wa yaro tunanin, an bincika wannan sosai. Idan ya ce e, kada ki fara da wa'azin haramci a wannan mintin, zai rufe baki ne kawai. Ki ce kin ji, kuma kin gode da ya faɗa miki. Ki kira 988, layin da ke aiki dare da rana a duk Amurka tun Yuli 2022, ana iya tura masa rubutaccen saƙo ma. In ya ambaci hanya ko lokaci, ki kira lambar gaggawa ta 911 ko ku tafi sashen gaggawa na asibiti, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Ko da ya ce a'a, ki nemi ganin likitan yara a makon nan ki ce a yi masa gwajin ƙunci. Takarda ce mai tambayoyi tara, ba ta cin minti biyar, kuma sauyin hali da ya wuce mako biyu ya isa dalili. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana wannan, a haɗa su. Ki kuma rubuta wa mai ba ɗalibai shawara na makarantar imel, ba kiran waya ba, domin ya zama akwai shaida. Dokar David ta 2017 ta ba makarantun Texas hurumi har kan cin zalin da aka yi ta intanet a wajen makaranta, kuma ta tilasta musu sanar da iyayen wanda aka zalunta cikin kwanakin aiki uku.

Alamomin da masu nazarin hare-haren nan ke nema daban suke da "yana son gem". Su ne: yaro ya fara tara hotuna da bayanan maharan baya yana yaba su, ya riƙa ambaton wasu mutane ko wata ƙabila da ƙiyayyar da ba ta sauka, ya fara tambayar yadda ake samun bindiga ko ya nace a nuna masa ta gida, ya rubuta ko ya faɗa wa aboki "kada ka zo makaranta ranar kaza", ko ya fara rabar da kayansa. A rahoton 2002 ɗin nan, a kashi 81 cikin ɗari na hare-haren akwai wanda ya sani tun kafin a kai, galibi wani yaro ne sa'ansa. Ba ki ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma ki gaya wa ɗanki abu biyu ƙarara. In ya ji wani ya yi irin wannan maganar, ya faɗa wa babba nan take, wannan ba gulma ba ce. Shi kuma kada ya kuskura ya rubuta ta ko da wasa, ko cikin hirar gem, ko ya tura hoton barazanar wani gaba don dariya. A Texas 'yan sanda na zuwa har gida su tafi da ɗan shekara 12 ko 13 kan irin wannan, kuma "wasa nake yi" ba ya hana a kore shi zuwa makarantar ladabtarwa.

Mu abin da ke damun mu a wasan ba jinin da ke kan allo ba ne, abin sauraron da ke kunnensa ne. "Mutanen da ban sani ba" da kika ce, nan ne ƙofar. Wanda ya kashe baƙaƙen fata goma a kantin Tops na Buffalo a Mayu 2022 ya sha aƙidarsa ne a dandalin 4chan, ya ajiye shirinsa a manhajar hira ta Discord, ya watsa harin kai tsaye a dandalin bidiyo na Twitch. Masu neman yara, ko don aƙida ko don lalata, sukan haɗu da su a filin wasa su ce a koma wani ɗakin hira na sirri.

Ga yadda za a gyara. Call of Duty tambarin M gare shi, wato na ɗan 17 zuwa sama. Fortnite T ne, na ɗan 13. Wasan ƙwallo na EA Sports FC na kowa ne. Kuna da cikakken iko ku ce ɗan 14 ba zai buga na M ba, don tarbiyya da ashar ɗin da ke ciki, ba sai kun jingina shi da kisan kai ba. In kun bar masa, a shiga saitin wasan a kashe nunin jini da yankan gaɓoɓi, a mayar da hirar murya ta abokai kaɗai. A PlayStation ɗin kuma a shiga saiti, sashen iyali da kulawar iyaye. Nan ake sa awoyin wasa na kowace rana, lokacin da na'urar za ta fitar da shi da kanta, iyakar kuɗin da zai kashe a wata, da taƙaita hira. Abu biyu ke sa wannan ya tashi a banza. Na farko, yawancin yara da asusun babba suke wasa, ko na uba ko wanda suka buɗe da shekarun ƙarya, kuma takunkumin ba ya hawa asusun babba. Sai an buɗe masa na yaro a ƙarƙashin naku, kuma ku faɗa masa tun da wuri cewa zai iya rasa wasu abubuwan da ya tara, in ba haka ba rigimar za ta fi ta yanzu. Na biyu, lambar sirrin takunkumin na'urar daga kamfani 0000 ce, kowane yaro ya sani. In ba ku sauya ta ba, zai buɗe sabon asusu cikin minti biyu. Na'urar ta dawo falo. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ranar makaranta bayan an gama aikin gida, a kashe awa ɗaya kafin barci, waya ta kwana a ɗakinku. Ku zauna da shi ku bi jerin abokansa ɗaya bayan ɗaya: wanda ba zai iya faɗin sunansa na gaskiya da inda ya san shi ba, a cire. Discord ma na da sashen iyali da ke nuna muku da wa yake magana ba tare da nuna abin da aka ce ba.

Dalilin da ya sa muka ce kada a fasa: yaron da ya janye daga kowa, mai yiwuwa 'yan abokai biyu ko ukun da suka rage masa a cikin wasan nan suke. In aka fasa da fushi, an yanke wannan, an kuma nuna masa cewa babansa na yi masa kallon mai kisa. Wasan zai koma waya, a ɓoye, inda ba ku da ido. Gara maigida ya zauna kusa da shi rabin awa ya ce a koya masa. Zai ji irin maganar da ake yi a ciki da kunnensa, daga nan hukuncinsa zai fi na yanzu tushe.

Ita kuwa Hajiya babba, tsoro ne da ƙauna, kada ki yi musu da ita ta waya. Ɗanta ne zai kira ta ya ce an kai yaron wurin likita, an sa wa wasan ƙa'ida, kuma in Allah Ya yarda za a kawo mata shi hutun bazara. Zuwa Kano don ganin dangi da gyara Hausarsa alheri ne. Tura shi a matsayin horo, ba a san abin da ke cin sa ba, ɗaukar damuwar ne a sauke ta inda ku ba kwa nan, ga wasannin harbi na PUBG da Free Fire a wayar samarin unguwa suna jiran sa.

Kafin ya je kwana ko wuni gidan wani aboki, ki tambayi uwar gidan ko akwai bindiga, in akwai ko a kulle take. A Texas ba wanda zai ga baƙon wannan tambayar, kuma za ki iya fara ta da cewa taku a kulle take.